Falmaran Ko Jaka? Yadda Mai Fatsar Ƙwaron Ƙarya Zai Ɗauki Kayansa

Wani ƙanena da ke aikin jinya a Sikotilan ya turo mini hotuna huɗu ta WhatsApp a makon jiya, na falmaran da jakunkuna, yana tsaye a wani shagon kayan kamun kifi. Abokan aikinsa ne suka matsa masa ya bi su kogi ranar Asabar. Ɗaya daga cikinsu ya ara masa sanda da wandon shiga ruwa, saura abin zuba kaya. "Yaya, wacce zan ɗauka?" Na ce masa ya fito daga shagon da kuɗinsa a aljihu, ya bari mu yi magana tukuna. Ga maganar nan, na kuma san ba shi kaɗai za ta yi wa amfani ba, tunda 'yan'uwanmu sun bazu a Birtaniya da Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu, inda irin wannan fatsa ta zama abin hutun ƙarshen mako.

Bari in fara da wanda bai san ta ba. Fatsar da muka sani a gida ta zama ce: ka sami inuwa a bakin Tiga ko Kainji, ka soke tana a ƙugiya, ka jefa, ka ajiye kayanka a gefe kana jira. Wadda Turawa ke kira fulai ba haka take ba. Babu tana, babu fara. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa, wato ƙugiya ce da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu da na dabba har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Ba shi da nauyin da za a jefa shi, shi ya sa aka yi igiyar da kauri da nauyi, ita ake kaɗawa a iska ta kai shi inda ake so. A ƙarshen igiyar akwai siririn zaren lailon da kifi ba ya gani sosai, wanda zan riƙa kira wutsiya. Mai wannan fatsa a tsaye yake wuni, galibi a cikin ruwan ma, iya gwiwa ko iya ƙugu, yana haura kogi sannu a hankali, kafin yamma ya ci kilomita biyu ko uku. Yana iya canza ƙwaro sau goma ko fiye. Ba shi da gefen da zai ajiye komai. Shagonsa duk a jikinsa yake, abin da ya suɓuce kuwa ruwa ya ci.

To ƙanena, a nan maganar take. In ka shiga kogi hannu ɗaya gare ka. Ɗayan na sanda ne, ko da ka matse ta a hammata rabin hankalinka yana kanta, ƙafafunka kuma suna lalube a kan duwatsu masu santsi. Saboda haka kowane abu da za ka ɗauka ka yi masa tambaya biyu: sau nawa zan taɓa shi kafin in fito, kuma zan iya ciro shi in mayar da hannu ɗaya ba tare da na duba ba? Jaka daga baya take zuwa. Wanda ya fara da sayen jaka, jakar ce za ta riƙa gaya masa abin da zai saya, don aljihu ba ya son zama wayam.

Ni na san haka ne da jikina. Fitata ta farko a wani ƙaramin kogi da ke zuba a kogin Tweed, na je da falmaran mai aljihuna fiye da goma sha biyar, kuma babu wanda na bari babu kaya: akwatin ƙwari huɗu, wuƙa, tocila, filaya, littafin gane ƙwari, har da kyamara. Kafin azahar wuyana ya ƙage. Abin yankan zare da nake bukata kowane minti goma kuwa, sai na laluba aljihu biyar kafin in same shi. Da Allah Ya sa wani ɗan kifi ya kama, na sunkuya zan tare shi da koma, ashe zif ɗin ƙirji a buɗe yake. Akwatin da na fi ji da shi ya zame, ya faɗa, ya bi ruwa yana lilo ina kallonsa. Kifin ma ya kuɓuce. Dattijon da ya kai ni, wanda duk kayansa ba su wuce aljihun rigarsa biyu da wata igiya a wuya ba, bai ce mini uffan ba, ya dai miƙo mini ƙwari uku daga jikin hularsa.

Kada cikar shago ta ruɗe ka. Wani marubucin Rumawa, Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu, da sanda da igiya, shi ke nan. Masuntan tsaunukan Japan da salonsu na tenkara har yau sanda ce da igiya da ƙwaro, ko kwarkwaron naɗe igiya babu. Falmaran ɗin fatsa ma ba tsoho ba ne. Ba'amurke Lee Wulff ake jingina wa shi, wanda ya ɗinka wa kansa aljihuna a riga a farkon shekarun 1930 don hannayensa su huta da riƙo. Don a rage wahala aka ƙirƙiro shi, mu muka mai da shi mangala.

Ka taɓa lura da zabirar wanzami? Aska na da gurbinta, ƙaho na da nasa, yana hira da kai yana miƙa hannu ya ciro abin da yake so ba tare da ya kalla ba. Haka ake so ka zama. Kaya uku ne za ka taɓa fiye da komai, su kuwa ba a sa su a aljihu, a waje ake rataye su a ƙirji.

Na farko abin yankan zare. Na shago yana da 'yar allura a gindinsa ta buɗe idon ƙugiya in fenti ya toshe shi, amma abin yanke farce na gida ma yana aiki, in ka cire masa mariƙin da ke saman. Kada ka saba yanka da haƙori. Ban da lalata haƙorin, ruwan kogi na iya ɗauke da ƙwayar cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa, kuma ta baki da ta rauni take shiga. Na biyu hantsakin likitoci, mai kama da almakashi amma bakinsa na damƙa ne yana kullewa. Kai da ke asibiti ka fi ni saninsa. Da shi ake zare ƙugiya daga bakin kifi, da shi ake danne ƙayar ƙugiya ta kwanta don sakin kifi ya yi sauƙi, zare ta daga yatsanka ma ya yi sauƙi. Shi ba ya bukatar aljihu: ka damƙe shi a bakin riga ko a maɗaurin jaka ya kulle kansa. Na uku man da ake shafa wa ƙwaro don kada ya nutse. 'Yar kwalba ce, a rataye ta baki ƙasa don man ya taru a bakin. In sanyi ya yi yana daskarewa, sai ka mai da ita aljihun ciki ɗumin jiki ya narkar da shi.

Duk ukun a ɗaure su. Akwai wani ɗan maɓalli mai zare a ciki, ka ja ya biyo ka, ka saki ya koma, irin wanda ma'aikata ke rataya katin shaida da shi. Shi ne ya fi. In babu, siririyar igiya ta wadatar, amma gajeriya. Ga dalili: igiyar fatsa da kake janyowa tana taruwa ne a gabanka, kuma babu abin da take so kamar ta sami abin sarƙewa. Duk abin da ke reto a cikinka, ko hancin zif, ko igiyar wuya mai tsawo, za ta kama shi, ba kuma ta tashi kamawa sai lokacin da babban kifi ya fizga. Gabanka daga ƙirji zuwa gwiwa ya zama sumul.

Bayan waɗannan sai zaren ƙari. Duk canjin ƙwaro yana cin ɗan wutsiya, sai ka riƙa ƙara mata. A kan 'yan faifai ake sayar da shi, da lamba da harafin X, kuma lambar na ƙaruwa zaren na sirancewa: 3X kaurinsa wajen milimita 0.20, 5X wajen 0.15. Ga mai neman kifin turawut da sanda mai ƙafa 9, lamba 5, wadda ita ce aka fi ara wa sabon shiga, faifai uku sun isa: 3X da 4X da 5X. Ka jera su a sanda ɗaya ko igiya ɗaya bi da bi, kullum a tsari guda, don hannunka ya haddace. Ka ƙara da wutsiya biyu sababbi a ledarsu, saboda ranar da iska ta dagula maka ta farko har ta gagari warwara. Guntayen zaren da ka yanke kuma ka ware musu aljihu guda. Ba sa ruɓewa da wuri, suna sarƙe ƙafafun tsuntsaye, kuma babu abin da zai zubar maka da mutunci a idon mutanen kogi kamar su ga ka yar da su.

Akwatin ƙwari shi ne inda son zuciya ke shigowa. Kowa yana da ƙwari ɗaruruwa a gida, kowa kuma in ya faɗi gaskiya bai fi kala shida ko bakwai yake ɗaurawa ba. Shawarata: babban akwati ya zauna a mota ko a gida a matsayin rumbu, ƙarami guda mai shiga tafin hannu ya bi ka ruwa. Daren jajibiri ka tambayi wanda ya san kogin me kifi ke ci a wannan watan, ka tsinto abin da ya dace, kowane kala uku uku, don bishiya za ta ci ɗaya, kifi ya tsinke ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi akwati mai soso mai tsaga a ciki wanda ke riƙe ƙugiya gam, ba mai ɗakuna da ƙwari ke zube a sake ba, wanda in ka buɗe iska ta kwashe rabi. In yana da kunnen ɗaura igiya, ɗaura. In za ka buɗe shi, juya wa iska baya, ka kuma rufe zif kafin ka sake ɗaga sanda. Wannan na ƙarshe sai ya zame maka jiki kamar bisimilla kafin cin abinci.

Kada ka mai da jiƙaƙƙen ƙwaro cikin akwati. Laima za ta sa ƙugiyarsa tsatsa, ta shafi na kusa da shi, wata rana ka ga ƙugiya ta karye a bakin kifi. Ɗan soso ake maƙalawa a ƙirji a soke shi a nan ya sha iska. Sai dai wanda aka danne wa ƙaya yana saurin zamewa daga sosan, don haka mai tsaga ko mai maganaɗisu ya fi.

Yanzu mu zo kan hotunanka huɗu.

Falmaran har yanzu babu abin da ya kai shi raba nauyi a kafaɗu biyu, komai yana gaba, ga babban aljihu a baya na rigar ruwa da abinci. Aibinsa biyu: zafi, da kuma yawan aljihu mai jawo cika. In shi ka zaɓa, nemi gajere wanda bai wuce haƙarƙari ba, don in ka shiga ruwa mai zurfi aljihunan ƙasa su ke fara sha. Ka gwada shi a kan rigar sanyi, ba a kan singileti ba, tunda a Sikotilan kake.

Jakar ƙirji ƙarama ce, tana tilasta maka rage kaya, kuma tana sama nesa da ruwa. Amma tana tare maka ganin ƙafafunka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai saba taka duwatsun kogi ba. Mai tumbi irina kuwa, abin ya zama biyu.

Jakar ƙugu ita ce ta fi sakin kafaɗa da hannu, ka juyo ta gaba ka ɗauki abu ka mai da ita baya. A ƙananan koguna da ruwa bai wuce gwiwa ba, ban ga kamarta ba. Ranar da ka shiga iya cibiya kuwa, ta yi wanka. Akwai masu hana ruwa shiga, sai dai zif ɗinsu tauri gare shi, ba ya buɗuwa da hannu ɗaya, ga tsada.

Ta huɗun, jakar rataya mai maɗauri ɗaya kamar gafakar almajiri, ita ake yayi, na kuma ga ita ce ta fi ɗaukar idonka. Tana kwance a baya, gabanka fili, in kana so ka jawo ta ta ƙarƙashin hammata ta zo ƙirji ta zame maka ɗan tebur. Dabara ce mai kyau. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne duk nauyin a kafaɗa ɗaya yake, kuma da yawansu a kafaɗar dama aka tsara su, wadda da ita na-dama zai yi jifa ɗaruruwa a wuni. In ka cika ta da gorar ruwa da rigar ruwa, la'asar na yi za ka ji a wuyanka. In kana son ta, nemi wadda ake iya sauya wa kafaɗa, ka sa mata kaya a shagon, ka ɗaga hannu sama ka kaɗa kamar mai jifa sau ashirin, ka ji ko tana zamowa.

Jakar goyo ba ta cikin hotunanka, amma za ka bukace ta ranar da za ku yi tafiyar awa guda a ƙafa zuwa wani tafki a kan tudu. Ita ta kayan da ba a taɓawa sai an fito gaɓa ce: abinci, fulas, rigar sanyi, 'yar dardumar salla. Da bazara yini a can yana da tsawo, azahar da la'asar duk a bakin ruwa za su same ka. Ba ta maye gurbin kayan ƙirji, don ba ka isa ka sauke ta a tsakiyar kogi ba.

Koma a baya take zama, tsakanin kafaɗu, a manne da maganaɗisu mai rabuwa biyu: ka miƙa hannu ka fizgo, ka gama ka kai ta kusa ta manne da kanta. Ka haɗa da igiya mai talewa, don maganaɗisu na saki in reshe ya kama ragar, kai kuwa ba za ka ji ba. Mai ragar roba ta fi, ba ta goge wa kifi yauƙin jikinsa, ƙugiya ma ba ta cika sarƙewa a ciki ba. Mai jakar ƙugu yana iya soke mariƙin komar a bel ta baya.

Akwai kayan da ba na kama kifi ba ne, na komawa gida lafiya ne, su kam ba a sa su a lissafin rage nauyi. Tabarau na gaba da komai. Ana sayen mai kashe ƙyallin ruwa don a riƙa hango duwatsu da kifi, amma babban aikinsa tare ƙugiya ne. Ƙugiya ce fa ke wucewa ta gefen kunnenka da gudu, iska kaɗan za ta karkato da ita. Ko hadari ya rufe, ko magariba ta yi, kada ka yi jifa ido tsirara; in duhu ya yi ka sauya farin gilashi. Kada garin neman gira a rasa ido. Ka sa masa igiya a wuya, ka ɗora hula mai baki, ko hana-salla ce, ta kare ƙeya da kunne.

Bel ɗin wandon shiga ruwa ba ado ba ne. A ɗaure shi tamau kafin a taka ruwa. In ka faɗi babu shi, wandon zai cika, ƙafafu su yi nauyin motsi, fitowa gaɓa ta zama aiki, ga ruwan can da sanyin da ke ɗauke numfashi. In bel ɗin jakar ƙugu ne kaɗai a jikinka, ka tuna kana sassauta shi duk lokacin da za ka juyo da jakar, don haka ba ya wadatarwa. Sa na wandon daban. Sandar dogarawa kuma ta zama ƙafarka ta uku a manyan koguna irin Tweed da Tay da Spey. A ɗaure take a bel, ta gefen hannun da ba ya jifa, in ka sake ta ruwa ya ja ta bayanka. Rigar ceto mai kumbura da kanta, in an ba ka, a saman komai ake sa ta. Na sha ganin wanda ya sa ta sannan ya ɗora falmaran ko maɗaurin jaka a kai. In ta tashi kumbura ba ta da wurin buɗewa, sai ta matse masa ƙirji. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai shiga babban ruwa ya fi son jakar ƙugu.

Sauran ƙananan: usur a maɗaurin kafaɗa inda baki zai kai, waya a leda mai hana ruwa a aljihun ciki na sama, filasta biyu uku, maganin ƙyashin Sikotilan da ke fitowa da yamma kamar hayaƙi, da ɗan abin cire kaska, don kaskar can na ɗauke da cutar Lyme. Takardar izini ma a jikinka, ba a mota ba. A Ingila da Wales sai da lasisin sanda na hukuma ga duk wanda ya kai shekara 13, ban da izinin mai ruwan. A Sikotilan galibi izinin mai haƙƙin kogin ake nema, kuma ba a kamun kifin salmon ranar Lahadi. Wuƙa kuwa ka yi hattara: a Birtaniya ƙaramar mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci 3 ba, ita doka ta bari a riƙe ba tare da bayani ba. Filaya mai haɗe da wuƙa mai kullewa ba ta cikin wannan. A bakin kogi kana da hujja, amma in ka manta ta a aljihu ka shiga gari, wata magana ce. In za ka ɗauki 'yan ƙwayoyin ƙara nauyi, ka tabbata ba na dalma ba ne. Tun 1987 aka hana masu nauyin giram 0.06 zuwa 28.35 a Ingila saboda suna kashe manyan tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su. Ma'aunin zafin ruwa ɗan ƙarami ne, da zafi yake da amfani: in ruwa ya haura digiri 20, turawut da aka kama aka saki yana iya mutuwa. A Montana ta Amurka hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare in koguna suka ɗumama.

Ita kanta sandar, tunda ta aro ce, ka saurara. Sanduna da yawa ba kifi ne ya karya su ba, ƙofar mota ce da murfin but. Ka harhaɗa ta bayan ka gama shiri, ka kuma warware ta kafin ka fara cire takalmi. Kada ka jingina ta a mota, kada ka kwantar da ita a ciyawa. In za ka ratsa bishiyoyi, juya ta gindi gaba tsini baya, ta riƙa bin ka. In ka yi tuntuɓe ba za ka soke tsinin a ƙasa ba. Ƙwaron ka maƙala shi a ɗaya daga zobban sandar, ka zagayo da wutsiya ta bayan kwarkwaro ka ɗame. Kuma sandunan yanzu na kabon ne, wuta na bin su. In ka ga wayar lantarki a sama, kwantar da sanda ka wuce, ba sai ta taɓa ba wutar ke tsallakowa. In an fara tsawa, ajiye ta ka yi nesa da ita.

Wata rana in ka dawo hutu kana son gwada hannunka kusa da gida, akwai kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa ya haɗu da Binuwai a wajen iyakar Najeriya. Da rani masu wannan fatsa kan zo daga ƙasashe masu nisa, su bi ta Garwa, don giwan ruwa da tsage. A can lissafin nan duk sai ya juye. Falmaran zai dafa ka. Ba a shiga ruwa da zurfi saboda kada da dorina, don haka jakar ƙugu ba ta da aibi, kuma babban abin da za ta ɗauka ruwan sha ne. Hantsakin likita ya yi kaɗan ga haƙoran tsage, sai doguwar filaya a kube a bel, da siririyar waya da ake sawa a gaban ƙugiya don kada ya datse zare. Giwan ruwa da dare ake nemansa da sanda mai lamba 12 ko kusa da haka, da ƙwari masu tsawon tafin hannu waɗanda leda mai zif ta fi akwati dacewa da su, ga tocilar goshi da batirin canji. A jirgi, filaya da wuƙa da ƙugiyoyi a babbar jaka da ake aunawa, batirin litiyam na canji kuwa a ta hannu. Kafin ka mai da takalma da koma Sikotilan, ko ka kai su wani kogi daban, ka wanke ka shanya su bushe ƙarau. Cututtukan kifi da gansakuka a jikin jiƙaƙƙen kaya suke tafiya, shi ya sa New Zealand ta hana takalma masu tafin ulu a 2008.

Saboda haka ƙanena, Asabar ɗin nan ka je da rigar ruwanka mai aljihun ƙirji biyu. Akwati ɗaya a hagu, faifan zare da wutsiya a dama, abin yanka da man ƙwaro a gajeriyar igiya a wuya, ka cusa ta cikin riga in tana reto, hantsaki a bakin aljihu. Ka kalli abin da abokanka ke ɗauke da shi, ka lura da wanda ke yawan lalube da wanda ba ya yi. In ka dawo, zazzage komai a tebur, buɗe akwati ya sha iska, ka ware abin da ka taɓa da wanda ba ka taɓa ba, ka rubuta abin da ka nema ka rasa. Ka yi haka fita uku. Abin da bai taɓu ba sau uku, in ba na tsaron lafiya ba ne, ya koma mota. Tarin da ya rage a tebur, shi za ka zuba a leda ka kai shagon, ka nemi mafi ƙanƙantar jakar da ta ɗauke shi.

Makullin mota kuma, tunda na yanzu masu batir ne ba sa shiri da ruwa, ka sa shi a 'yar leda mai zif, a aljihun ciki wanda ba za ka buɗe ba har ka fito. Kada ya kwana aljihu ɗaya da akwatin ƙwari. In a motar mutum ɗaya kuka je, ka tambaye shi inda ya sa nasa tun kuna gaɓa.